'Yar Gida Ba Ta da Lamba

Wannan aiki da na tsufa a cikinsa, mene ne sunansa? Na tambayi fasto, na tambayi mutumin wani ofis a Karu, na tambayi mijina kafin ƙasa ta rufe masa ido. Kowa da abin da ya ce, kuma har yau ban samu amsar da ta zauna mini a rai ba. Sunana Asabe, a nan Mpape ana ce mini Maman Ladi. Ladin ce take rubuta wannan magana, don ni ban taɓa riƙe biro ba sai dai in miƙa wa wani. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa ko da maganar ta taɓa ta, kuma za ta taɓa ta.

Ku nake yi wa magana, 'yan matan da kuke hawo tudun nan kuna sallama a ƙofata. "Mama, ki koya mana kula da tsofaffi, muna so mu fita waje." Wata har ta ce mini ai ba wani abu ba ne, wanka ne da ba da abinci. To ku zauna ku ji wankan.

Mutum na farko da na taɓa wankewa wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Garki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Wadda ta kai ni wata tsohuwa ce 'yar asalin ƙasar nan, Iya Kande, wadda ta riga kowa sanin wannan aiki tun garin bai cika ba. Na shiga da ƙarfina, na tsoma tawul a daro, na kai hannu zan ɗaga masa riga. Sai na ji marin Iya Kande a bayan hannuna.

"Wannan hannun naki kamar na gawa, shi za ki ɗora masa? Shi ya mutu ne?"

Ta sa na tsoma hannuwana cikin ruwan ɗumi, na murza su, na sa a kumatuna na ji. Sannan ta ce in gaishe shi, in faɗa masa abin da zan yi, ko da ba zai iya amsawa ba. Ranar ban koyi komai ba sai wannan.

Kayan aikin ba su da yawa: daro biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, tawul masu laushi, ledar shimfiɗa, fo, man kaɗanya, ƙananan filo, da tsohon zani mai ƙwari. Zanin nan ya fi komai. Ana ninka shi a sa ƙarƙashin majinyaci daga kafaɗa zuwa cinya, da shi ake juya mutum. Wanda ya ja majinyaci ta hannu zai goce masa kafaɗa, shi kuma ya kashe bayansa. Da zani kuwa, mace irina tana juya ƙato ita kaɗai, ba ta ji a ƙugu ba.

Ba a tuɓe mutum gaba ɗaya. Wurin da za ki wanke kaɗai za ki buɗe, ki wanke, ki tsane, ki rufe, sannan ki buɗe na gaba. Tsohon da ya taɓa riƙe ofis yana ba da umarni, in kika bar shi tsirara a kan gado, gobe ba zai ci abincinki ba. Kuma kina wanka ne kina dubawa: dunduniya, ƙashin ƙugu, ƙasan baya, kafaɗa, har bayan kunne. Inda kika ga fata ta sauya launi, kika danna da yatsa ba ta dawo ba, to gyambo yana hanya, kuma gyambon kwanciya in ya buɗe shi ke kashe mutum kafin ciwonsa. Sai juyi a kai a kai, da filo tsakanin gwiwoyi, da zanin gado a miƙe ba tattara ko ɗaya. Ƙwayar shinkafa ɗaya in ta kwana a ƙarƙashin tsoho, da safe za ki ga ramin da ta yi.

Kunu ma da dokarsa. A zaune ake ba da shi, haɓa a ƙasa, rabin cokali, ki jira ki ga maƙogwaro ya motsa. Mai gaggawa ita ke sa majinyaci ya ƙware.

Gidan da na fi daɗewa a ciki na wata Hajiya ce a Maitama. Ɗanta, Alhaji, babban mutum ne, shi ya ɗauko ta daga garinsu da jiki ya ƙi. Ni Kirista ce, amma a ɗakin Hajiya na san lokacin kowace salla fiye da masu gidan. Ni nake yi mata alwala, in juya ta ta fuskanci gabas, in sa mata carbi a hannun da ke motsi. Bakinta ya karkace amma masifarta ba ta karkace ba. In na makara sai ta ce, "Asabe, ke da fastonku duk sai Allah ya tambaye ku azahar ɗina." In ce, "Hajiya, ai ni zan ce masa fo nake wankewa." Ta yi dariya har hawaye.

A nan ne abin da nake so ku gane yake. A irin waɗannan gidaje ba a cewa an ɗauki ma'aikaciya tana wanke uwa. Abin kunya ne, ga 'ya'ya mata, ga surukai. Don haka in baƙi suka zo dubiya suka gan ni, sai matar Alhaji ta ce, "'Yar gida ce, tamu ce tun da daɗewa." Ƙarshen wata ba a ce mini ga albashi, sai a danƙa mini a hannu a ce, "Ga na sabulu." In ana biki a ɗinka mini anko irin na dangi, a ja ni cikin hoto. Ni kuwa kaina ya kumbura. Mai shara da mai wanki da kuku duk 'yan aiki ne, ta ƙofar baya suke shiga. Ni 'yar gida ce.

Mijina, Baban Ladi, direban tifa ne a kamfanin fasa dutse da ke bayan tudun nan. Yana da katin aiki mai hotonsa, yana rataya shi a wuya har coci. Shi ya sa mini suna Nas don tsokana.

"Nas, an dawo daga asibitin Maitama? Ina katinki?"

"Ni 'yar gida ce, me zan yi da kati?"

"To. Ni dai in na faɗi a titi, za a duba wuyana a ce direba ne ya faɗi. Ke in kika faɗi sai a ce ga wata mai anko."

Sai in jefe shi da tsumma, ya kauce yana dariya. Allah ya jiƙan Baban Ladi. Ladi, dakata kaɗan.

To, ci gaba.

Mutum biyu na koya wa aikin nan da hannuna. Ta farko Ladi. Tana gama sakandare na ja ta gidan Hajiya, don bayana ya fara ciwo. Hannunta ya fi nawa taushi, kuma tana karanta takardar magani, abin da ni sai dai in gane ƙwaya da launinta. Ta yi shekaru a ɗakin nan har Hajiya ta daina karɓar cokali daga hannun kowa sai nata. Ita ma aka ɗinka mata anko.

Ta biyu Talatu, 'yar maƙwabciyarmu. Uwarta ta roƙe ni, na ɗauke ta. Talatu da ta ga fo ranar farko sai da ta fita ta yi amai a bayan fulawa. Ba ta cika damina ɗaya da mu ba ta ce ita ba za ta iya zaman "na sabulu" ba. Ta tafi wani ƙaramin kamfani da ke tura masu jinya gidaje, suka ba ta riga shuɗiya da kati, suna cire rabonsu daga kuɗinta. Na yi mata dariya a bakin famfo.

"Talatu, an zama soja? Gida goma a wata, ba wanda ya san sunanki."

Ta ce, "Mama, kamfani ya sani."

Na ɗauka rashin wayo ne.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Da farkonta Hajiya ta rasu, kanta a kan hannun Ladi. Matan da suka yi mata wanka suka fito suna mamaki, wai mace ta yi wannan daɗewa a kwance ba tabo ko ɗaya a jikinta. A zaman makoki kowa sai sa wa 'ya'yanta albarka yake yi, an ce sun yi jinyar uwarsu yadda ya kamata. Ina gefe ina raba ruwa, ina jin daɗi, don ai da ni ake, ni ma 'yar gida ce.

A lokacin ne labari ya cika gari cewa wata ƙasar Turawa tana neman masu kula da tsofaffi. Ladi da Talatu suka tafi ofis ɗin wani ejan a Karu, ni ma na bi su don in ji da kunnena. Mutumin mai ƙiba ne, mai fara'a, yana ta fifita da fayil. Shi ya yi mana bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce su can ba mutum suke buɗe wa ƙofa ba, sunan aiki suke buɗe wa. Kowane aiki a duniya sun ba shi suna da lamba, sun jera su aji-aji: wannan sai an koya, wannan kowa ma zai iya. Sai su duba wanda suke da ƙarancinsa su ce masu wannan lamba su shigo. Mai walda yana da lambarsa, nas tana da tata, mai kula da majinyata tana da tata, kuma a lokacin ƙofarta a buɗe take. 'Yar aikin gida ita ma tana da lamba, amma tata ƙofar a rufe.

Na ce, "Oga, to 'yar gida fa?"

Ya ce, "Wace ce kuma 'yar gida?"

Na yi masa bayani. Ya ce ba damuwa, masu ɗaukar aiki a can shaida kawai suke so cewa yarinya ta taɓa yin aikin, mu je inda ta yi a rubuto. Talatu ta je kamfaninsu, kafin azahar ta dawo da tata, layi kaɗan da hatimi.

Mu kuma muka je wurin Alhaji. Ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka buga takarda mai tsawo da Turanci. A mota Ladi ta fassara mini. Wai Ladi 'yarsu ce, a gidansu ta girma, ta kula da mahaifiyarsa kamar kakarta, don ƙauna ba don komai ba. Na yi kuka a cikin motar nan, mutane suna kallona. Na ce wa Ladi, "Kin gani? Talatu ta samu irin wannan?"

Ejan ya karanta, ya ajiye, ya cire tabarau.

"Mama, wannan ai takardar yabo ce. Da aljanna ake nema da ita, da an shiga."

"Me ya rage a ciki?"

"Aiki. Wannan ta ce jika ta kula da kakarta. Kowa ma yana kula da kakarsa. Wannan ba shi da lamba ko a rufaffiyar ƙofa. Ina ranar da ta fara? Ina albashi? Ina sunan aikin?"

Na ciro hoton biki daga jakata don ya ga irin matsayinmu a gidan. Ya duba ya ce, "Ai kin ƙara kashe maganar. Ga ku nan cikin anko."

Na koma Maitama ni kaɗai. Na durƙusa a falo, abin da ban taɓa yi ba a gidan.

"Ranka ya daɗe, a sake takardar nan. A rubuta cewa aiki Ladi ta yi, ana biyanta duk wata."

"Haba Maman Ladi, tashi. Ke da kanki? Yaushe kuka zama 'yan aiki a gidan nan?"

"Tun ranar da na fara ɗaukar fo, ranka ya daɗe."

Ba mugun mutum ba ne, Ladi, rubuta wannan ma. Da ya buɗe baki a hankali ya yi magana.

"Kin ji abin da aka faɗa a zaman makoki. Duk garinmu an san ƙannena da matata ne suka yi jinyar Hajiya. Yanzu in sa hannuna da hatimina cewa haya na ɗauko aka wanke uwata? Takarda tana da ƙafa, Maman Ladi. Ki nemi wani abu, ko mene ne."

Na ce ba na son komai sai wannan. Ya sa direba ya kawo ni gida da buhun shinkafa. Mun ci shinkafar, ba zan yi ƙarya ba.

Ejan ya ce akwai masu buga takardar kamfanin da babu shi, in muna so. Baban Ladi ya ce 'yarsa ba za ta hau jirgi da ƙarya a jaka ba, alhali gaskiyarta ta fi ƙaryar kyau. Sai Ladi ta shiga kamfanin su Talatu don ta fara tara shaida daga farko, ita da ta koya wa Talatu yadda ake naɗe zani. Ba ta yi nisa ba, wata safiya Baban Ladi ya sunkuya zai ɗaura takalmi, bai ɗago ba. Hawan jini. Ɓarin hagu ya tafi. Ƙato ne, bayana kuma ya riga ya mutu, ba zan iya juya shi ni kaɗai ba ko da zani. Ladi ta mayar da riga shuɗiya ta dawo gida.

Talatu kuwa ta tafi.

Fasto ya ce hassada zunubi ce, na sani, ba sai an buɗe mini littafi ba. Amma ranar da uwar Talatu ta yi godiya a coci, ta taho tana rawa tun daga ƙofa da sabon leshi, mata suna guɗa, ni ina zaune hannuna yana warin man kaɗanya, na ji wani abu ya tokare ni a nan, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma har yau bai sauka ba. Sun bar tudun nan, sun kama gida mai famfo a ciki a Karu. In ta zo gaishe mu sai ta miƙo mini waya. "Maman Ladi, ga 'yarki cikin ƙanƙara." In duba in ce Allah ya ƙara. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni ce takin Talatu, shi ya sa take ta tsawo.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar ba ta da laifi. Ta aiko wa Baban Ladi rigar sanyi. Ta kira ni ta waya ina ganin fuskarta, ta rame.

"Mama, wallahi wahala ce. Gida-gida nake bi cikin sanyi, ana duba mini agogo. Ko ɗumama hannu ba a ba ni lokaci. Akwai wata tsohuwa dunduniyarta ta fara ja, me zan yi?"

Na faɗa mata: filo a ƙarƙashin ƙwauri, dunduniya ta rataya a iska, kada ta murza wurin. Ta yi godiya har da hawaye. Da ta kashe na ce wa Ladi, "Wahala ce, amma wahala mai suna." Ladi ta ɗauki daro ta fita. Yanzu ma kanta na ƙasa, rubutu kawai take yi.

An ce mini yanzu waccan ƙofar ma sun ja ta, lambar ba ta shiga kamar da. Gobe wataƙila wata ƙasar ta buɗe tata, ban sani ba, ni ba na jin Turanci. Don haka ku 'yan mata, zan koya muku zani da filo da rabin cokali, ba na rowa. Amma duk gidan da kuka shiga, kafin ku tsoma hannu a ruwa, ku tambaya da wane suna aka ɗauke ku, kuma a rubuta. In aka ce muku "ai ke tamu ce", ku yi godiya, ku ce a rubuta duk da haka. In aka kawo anko ku karɓa, atamfa ce, amma ba ta shiga fayil.

Baban Ladi ya daɗe a kwance, kuma ku tambayi duk wanda ya zo jana'iza, ba tabo ko ɗaya a jikinsa. Ni da Ladi muke juya shi, ita ta kama zani ta can, ni ta nan. Katin aikinsa yana rataye a ƙusa saitin idonsa, shi ya ce a sa masa a wurin. Maganarsa ta yi nauyi, sai wanda ya saba yake ganewa, amma tsokana ba ta bar shi ba. In na shigo da daro sai ya ce, "Nas ta iso."

Ranar ƙarshe da hantsi ne, muna yi masa wanka. Uwar Talatu ta leƙo ta gaishe mu, ta nuna hoto, ta tafi. Ladi ta fita zubar da ruwa. Ni ina shafa masa mai a kafaɗa ina ta mita, ban ma san a fili nake yi ba. Ina cewa wadda ta yi amai a bayan fulawa ita ce mai suna da lamba, tawa 'yar da ta rufe wa Hajiya ido ba ta da ko layi ɗaya, duk don wani yana jin kunya. Na ce, "Kai da kake da kati, faɗa mini, mu mene ne sunanmu?"

Ya daɗe yana kallona. Na san takardar uba ba ta da amfani a wurin Turawan can, ta fi ta Alhaji ma rashin amfani, kuma ina jin shi ma ya sani. Amma ya motsa hannunsa mai lafiya, ya kama nawa da man a jiki, ya ja numfashi. Maganar da ya yi a nan ita ce ta ƙarshe, bai sake wata ba har la'asar da ya cika.

Ya ce, "Asabe, ce wa Ladi ta kawo takarda da biro. Ni zan sa hannu. Ni ba na jin kunya a san an wanke ni."